Gashin ƙaramin hamsta yana maiƙo yana zubewa, me ya kamata a yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin hamsta (wata 'yar dabba mai kama da ɓera da ake kiwo a gida) irin Campbell, watansa takwas. Gashin bayansa ya yi maiƙo, ya fara zubewa wajen ƙugu, ga yawan susa. In yi masa wanka da ruwa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Don Allah 'yar'uwa kar ruwa ya taɓa shi. Ruwa yana wanke man da ke kare fatarsa, kuma abin da nauyinsa bai wuce giram 50 ba, nan da nan sanyi zai kama shi. Asalinsa daga busassun filayen Mongoliya ne, da yashi yake wanka. Ki tankaɗe yashi mai tsabta, ki soya shi a busasshen kasko, ya huce sarai, sannan ki zuba a kwano zurfin santimita 3. Za ki ga ya kwanta rigingine yana birgima. Ki guji mai laushi kamar gari, yana shaƙe masa numfashi.

Amsa: Yashi zai ɗauke maiƙon, amma susa da zubewar gashi sai likitan dabbobi. Sau da yawa ƙananan ƙwari ne a cikin fata, sai an kankaro an duba. Maganin ƙuman kare ko kyanwa na iya kashe hamstan. In garin katako ne shimfiɗarsa, ki sauya da yagaggiyar takarda marar tawada. Ɗan tabo mai maiƙo a tsakiyar cikinsa kuwa halitta ce, da shi yake barin warinsa.

Amsa: Ki lura da ruwan shansa ma. Irin Campbell ciwon suga na yawan kama su. In yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, fitsari ya yawaita, ki faɗa wa likitan. Dabino da zuma, kar ki ba shi.