Cuku: wanne aka fi so, kuma da me ake haɗa shi

Ga abin da na tsinto daga maganganun jama'a.

1. Inda baki ya zo ɗaya: a fitar da cuku daga firji kamar rabin awa kafin a ci, domin sanyi yana danne ƙamshinsa.

2. Cheddar na Ingila ya fi kowa magoya baya, musamman wanda ya daɗe a ajiye. Da tuffa ko burodi ake son sa.

3. Parmesan na Italiya, wanda ba ya fita kasuwa sai ya yi aƙalla wata 12, wasu gurza shi suke yi a kan taliya, wasu kuma suka ce ɓarna ce, a ɓantare shi a ci da ɗigon zuma. Ni ina bayan masu zuma.

4. Feta na Girka gishiri gare shi, sai da kankana ko tumatir da man zaitun. Halloumi na Kubrus kuwa gasa shi ake yi, ba ya narkewa.

5. Roquefort na Faransa, mai zane-zanen shuɗi a cikinsa, shi ya raba kan mutane. Da nonon tumaki ake yin sa, a kogo yake nuna. Masu son sa suka ce zaƙi ke kwantar da kaifinsa, kamar busasshen ɓaure. Sauran suka ce ko warinsa ba sa iya jurewa.

6. Abin sha: masu shan giya sun ambaci ta inabi. Da yawa sun zaɓi ruwan tuffa ko baƙin shayi marar sukari. Kofi da tsohon cukun Gouda na Holland ya samu 'yan tsiraru, amma sun kafe a kansa.