Hannun Babanmu na rawa, tsufa ne ko wata cuta ce?

Ɗan Ƙofar Doka:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani a taimaka min da shawara a kan Babanmu. Shekarunsa 66, aikin hannu na babbar riga yake yi tun kafin a haife mu, to kusan shekara guda kenan hannunsa na dama yake rawa, kuma abin mamaki in yana zaune a zaure ba ya komai ne abin ya fi tashi, babban yatsa da manuniya su yi ta murza juna kamar mai jan carbi alhali ba carbi a hannun, amma da ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi sai ta lafa. Zura zare a allura ma yanzu sai jikansa ya yi masa. Tafiya yana jan ƙafa, tashi daga sujada da ƙyar, fuskarsa ba walwala har Inna take cewa fushi yake da ita. Gwaggonmu ta dage jifa ne daga abokan sana'a, an sha rubutu an yi hayaƙi shiru. Wani mai kemis ya ba mu Artane ya ce zai tsaya. Mu ci gaba da ba shi ko ya za mu yi?

Mai Shago a Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ni dai kakata ta yi rawar hannu da ta kai fiye da shekara 20, mahaifiyata ma ta gada, ba abin da ya same su, tsufa ne kawai ɗan'uwa kar ka tada hankalinka.

Ma'aikaciyar Jinya, Samaru:
Malam mai shago ka yi haƙuri amma na kakarka da wannan ba ɗaya ba ne. Waccan ta gado takan kama hannu biyu, wani lokaci har kai da murya, kuma sai mutum zai yi aiki take tashi, zai kai cokali baki kunu ya zube. Ta Baban nan akasin haka ce, in hannu na hutawa take zuwa, gefe ɗaya ta fara, ga jan ƙafa ga nauyin jiki. Wlh ina karantawa cutar Parkinson ce ta faɗo min a rai, duk da ba a yanke hukunci daga nesa sai likita ya duba shi.

Ƙanina bari in ɗan yi maka bayani. Akwai wani wuri can cikin ƙwaƙwalwa da ke samar da sinadarin dopamin, shi ne ke sa motsi ya tafi sumul kamar man keken ɗinki, to ƙwayoyin wurin ne ke mutuwa a hankali. Shi ya sa rawar ba ita ce babbar alama ba ma, jinkirin motsi ne, akwai masu cutar da hannunsu bai taɓa rawa ba. Ka lura ko in yana tafiya hannun daman ba ya lilo kamar na hagu, ko muryarsa ta yi ƙasa, ko rubutunsa ya ƙanƙance. Ka tambayi Inna ko yana kai duka ko ihu cikin barci, ko bayan gida na yi masa tauri, ko ya daina jin ƙanshi, waɗannan sukan riga rawar zuwa da shekaru. Kuma a gaya wa Inna ba fushi yake ba, naman fuskar ne ya yi tauri.

Maganar jifa kuma, wani likita a Landan mai suna James Parkinson ne ya siffanta cutar tun 1817, kuma Muhammad Ali ɗan dambe da ita ya rayu daga 1984 har rasuwarsa a 2016. A yi addu'a kam, ba wanda ya hana, amma a haɗa da asibiti. Yawanci ba a gano takamaiman dalili, shekaru ne kan gaba musamman bayan 60, kaɗan ne ke gadonta, sannan an danganta ta da yawan mu'amala da wasu magungunan feshi irin su paraquat na kashe ciyawa.

Artane ɗin nan ne ya fi damuna. Yana rage rawa gaskiya kuma yana da araha, amma ga dattijo yana iya kawo ruɗewa da mantuwa da gane-gane, ya busar da baki, ya riƙe fitsari musamman namiji mai matsalar mafitsara. Kar ku yanke shi farat ɗaya in ya kwana biyu yana sha, ku ɗauki kwalin ku tafi da shi Asibitin Koyarwa na Shika ku nemi a tura ku wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Duk wani magani da yake sha a tafi da shi, don maganin amai irin metoclopramide da wasu magungunan taɓin hankali suna kawo alamu sak irin waɗannan.

'Yar Tudun Wada:
Yaya na ga irin wannan a gidanmu, mijin yayata ne. Gaskiya ba a warkewa gaba ɗaya, likita ya faɗa mana tun ranar farko, amma da aka ɗora shi a kan levodopa da carbidopa, wanda ake ce wa Sinemet, mutumin da sai an ɗaga shi ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa. Matsalar ita ce tsada kuma ba kowane kemis ke da shi ba, mu kam kafin ya ƙare muke fara nema. Lokacin sha ma ba a wasa da shi, kamar rabin awa kafin abinci, don in ya haɗu da nama ko wake ko nono ba ya shiga jiki sosai, mun sha mamaki ranar da ya sha da fura da nono kamar bai sha ba. Azumi kuma ku tambayi likita tun kafin watan ya kama. Ku cire tabarmi masu naɗewa a hanyarsa, a sa masa abin dafawa a bayi, ya riƙa sallah a kujera in tashi na wahala, sannan masu gashin ƙashi na asibiti za su koya masa atisaye, kar ku ce ya kwanta ya huta, zaman ne ke ƙara daskarar da shi.

Ɗan Ƙofar Doka:
Na gode ƙwarai Aunty, Allah ya saka. Na tambayi Inna yanzun nan ta ce ai ya fi shekara uku yana kai naushi cikin barci ta ɗauka mafarkin ɓarayi yake, kuma turare ma sai ya ce mata ba ya ƙanshi. Ranar Litinin in sha Allah zan kai shi Shika da kwalin maganin. Sauran aiki shawo kan Gwaggo, don ta riga ta aika Giwa a kawo wani hayaƙin.