Laftof ta ƙi magana da ƙwaƙwalwar mota: daga ina ake fara dubawa?

Ɗan koyo, Pantami:

Assalamu alaikum iyayen gidana. Ina roƙon kowa ya kawo abin da ya sani a kan wannan matsala mu tara shi wuri guda. Corolla ce ta 2003, 'yar Beljiyam, kebul ɗin da ke haɗa laftof da ƙwaƙwalwar motar (kwamfutarta) ELM327 ne na USB, laftof kuma mai Windows 10. Da an soka kebul ɗin fitilarsa tana kamawa, amma manhajar sai ta yi ta juyi, daga ƙarshe ta rubuto UNABLE TO CONNECT. Motar tana tashi lafiya, fitilar cek ce kawai a kunne. Kebul ɗin nan kuwa ya karanta Camry Muscle ta 2008 ba gardama.

Mai rewaya, Tashar Dukku:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye laftof tukuna, ɗauko mita. Soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari ramuka 16 gare shi. Ka kalle shi da faffaɗan gefen a sama: layin sama 1 zuwa 8 ne daga hagu, na ƙasa 9 zuwa 16. Rami na 16 wutar batir ce kai tsaye, ko da makulli ko babu. Na 4 da na 5 at ne, wato negatif da ke haɗe da bodin mota. Ka auna 16 da 4, sannan 16 da 5, duka biyun su ba ka abin da batir yake bayarwa, wajen bolt 12.4 zuwa 12.6 idan mota a kashe take. Kamawar fitilar kebul ba hujja ba ce, don ko wutar ba ta cika ba, fitilar za ta kama.

In babu wuta a 16, fiyus ne kusan kullum. A Toyota da yawa akwai ƙaramin fiyus mai 7.5 da aka rubuta wa OBD a akwatin da ke cikin mota. Wasu motocin kuma, musamman na Amurka, soket ɗin fiyus ɗaya yake ci da ramin kunna sigari, shi ya sa cajar waya marar kyau take kashe su tare.

Don Allah kada ka cusa bakin mita cikin ramukan. Ya fi su kauri, yana buɗa ƙarfen ciki, gobe kebul ya shiga ya kasa kamawa. Yi amfani da siririyar allura, ko ka taɓa wayar ta baya. Soket da yawa da ake kawowa a haka suka lalace, wani ma ƙarfen ya ja baya gaba ɗaya. Haska tocila ka gani da idonka.

Mai gyaran kwamfuta, Jekadafari:

Oga ya gama da gefen mota, ni bari in ɗauki na laftof. Haɗin nan gaɓa uku ne: laftof zuwa kebul, kebul zuwa soket, soket zuwa ƙwaƙwalwa. Manhaja ba ta faɗa maka wace gaɓa ce ta tsinke, sai ka raba su da kanka.

Buɗe Device Manager, ka sauka wajen Ports. Soka kebul, ya kamata sabon layi ya fito da lambar COM. In ya fito da alamar rawaya, direba ce babu ko ba ta dace ba. Waɗannan kebul ɗin ɗaya daga cikin cif huɗu suke ɗauke da shi: FTDI, CH340, CP2102 ko PL2303, kowanne da direbarsa. Kwaikwayon PL2303 shi ne mai yawan kawo Code 10 a sababbin Windows, domin sabuwar direba tana ƙin karɓarsa, sai an sa tsohuwa an kuma hana Windows sabunta ta.

In lambar ta fito lafiya, ka tabbata ita ce ka zaɓa a cikin manhaja. Sauya ramin USB yakan sauya lambar, jiya COM3 yau COM7, manhaja kuwa tana can tana jiran ta jiya. Gudun magana na ELM327 yawanci 38400 ne, in bai yi ba a gwada 9600 ko 115200.

Daga nan sai ka yi magana da kebul ɗin kai tsaye ta PuTTY ko tagar umarni da ke cikin manhajar. Rubuta ATZ, zai amsa da sunansa da lambar sigarsa. Rubuta ATRV, zai faɗi wutar da yake gani a rami na 16. In waɗannan biyun sun amsa, laftof ta fita daga zargi, kada ka ƙara taɓa direba. Sai ka murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod suke kamawa, ka rubuta ATSP0, sannan 0100. Amsar da ta fara da 41 00 ita ce muryar ƙwaƙwalwar injin.

Bakanike, Kumo:

Ni dai abin da na gani, tsohuwar laftof mai Windows 7 ta fi zama lafiya da waɗannan kaya. A ware mata aikin mota kawai, kada a hau intanet da ita.

Mai gyaran kwamfuta, Jekadafari:

Gaskiyarka Baba, amma ga manhajojin kamfani ne wannan. Direbar kebul ɗin Mini VCI da ake haɗawa da Techstream, manhajar kamfanin Toyota, ta 32-bit ce, a 64-bit sai an shigar da ita da hannu. Tsofaffin Lexia da PP2000 na Fijo kuma XP suka sani. ELM327 ba ruwansa da wannan, yana aiki a Windows 10 sumul. Tunda ya karanta Camry da laftof ɗin nan, sauya Windows ɓata yini ne kawai.

Mai sikanin, Bolari:

Ƙanena, amsar tana cikin tambayarka, a jimlar ƙarshe. Camry ta 2008 da Corolla ta 2003 soket ɗinsu iri ɗaya ne amma ba yare ɗaya suke yi ba. Amurka ta wajabta OBD2, tsarin bai-ɗaya na karanta matsalar mota ta wannan soket, tun 1996, Turai ta biyo baya a 2001 ga motocin fetur, amma an bar kowane kamfani da yarensa har zuwa 2008, lokacin da aka wajabta yaren CAN ga duk motar da za a sayar a Amurka. CAN yana bi ta rami na 6 da na 14. Corolla ɗinka kuwa ta waya ɗaya take magana, K-line, a rami na 7, a kan gudun 10400. Tsofaffin Ford da GM na Amurka nasu daban ne, Ford 2 da 10, GM 2 kaɗai.

To kasuwa cike take da kwaikwayon ELM327. Na asalin wani kamfanin Kanada ne ya yi shi, kuma da wuya ka gan shi a nan. Cikin kwaikwayon akwai mai dama-dama, wanda ke ɗauke da cif ɗin PIC18F25K80, akasari an rubuta masa v1.5. Akwai kuma masu arha, da yawansu an rubuta v2.1, waɗanda CAN kawai suka iya sosai, K-line kuwa ko su yi ta da ƙyar ko su kasa. Rubutun jikin kwali ba abin dogaro ba ne, sai an kwance an ga cif ɗin.

Ga gwajin da za ka yi. Maimakon ATSP0 da ke barin kebul ya yi lalube, tilasta masa yaren: ATSP3, sannan 0100. Zai ɗan jira daƙiƙa biyu zuwa uku, don K-line a hankali ake tada ta. In ya ce BUS INIT: ERROR, gwada ATSP4 da ATSP5. In duk sun ƙi, auna rami na 7 ta baya da kebul a soke, makulli a buɗe. Ya kamata ka ga kusan wutar batir, tana ɗan rawa lokacin da ake ƙoƙarin haɗawa. In sifili ne cak, wayar ta taɓa bodi a wani wuri, ko wata ƙwaƙwalwar da ke kan layin ta danne shi. In wutar tana nan lafiya, ari wani kebul ka gwada kafin ka kwance komai a motar.

A kuma kula, ba duk mota mai ramuka 16 ce ke jin OBD2 na gama-gari ba. Wasu Hilux da Hiace da aka yi wa kasuwar Larabawa da Afirka, da motocin da aka yi don cikin Japan, sai na'urar da ta san yaren kamfanin.

Mai Golf da Sharon, Tudun Wada:

Tunda an zo kan K-line, ga wadda ke wahalar da masu Volkswagen. A motocinsu na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, wayar K-line tana zuwa har bayan rediyo. In aka cire rediyon kamfani aka sa na kasuwa, sau da yawa sabon yana tura wuta 12 cikin wannan waya. Layin sai ya ƙame, babu ƙwaƙwalwar da za ta amsa, wani lokaci ma kebul ɗin ya ƙone. Kafin ka soka kebul ɗinka na KKL a Golf 4 ko Passat mai baƙon rediyo, zare soket ɗin rediyon. In magana ta dawo, yanke wannan waya guda a bayan rediyon ka naɗe ta da tef.

Tsohuwar manhajar duba Volkswagen, VAG-COM 409.1, kuma COM1 zuwa COM4 kawai take gani. In Windows ta ba kebul COM9, shiga Advanced ka mayar da shi ƙasa. A nan ne kuma za ka ga Latency Timer na FTDI a kan 16, rage shi zuwa 1 ko 2, yana maganin yankewar haɗi a tsakiyar aiki.

Mai rewaya, Tashar Dukku:

Bari in ƙara na CAN saboda masu sababbin motoci. Kashe mota, cire kan batir na negatif, jira minti biyu, sa mita a om, auna tsakanin 6 da 14. Lafiyayyen layi 60 yake bayarwa, domin akwai resista biyu masu 120 a ƙarshensa biyu. Ka ga 120, ɗaya ta fita daga layi, ko waya ta tsinke ko an zare wata ƙwaƙwalwa. Ka ga kusan sifili, wayoyin biyu sun haɗe. Da batir a haɗe da makulli a buɗe, 6 yakan nuna wajen 2.6, 14 kuma wajen 2.4. Inda na fi samun ɓarna shi ne wurin da aka fere waya aka ɗaura tiraka ko rediyon Android, sai soket ɗin ABS da ruwan damina ya shiga. Ana zare su ɗaya bayan ɗaya ana aunawa har 60 ta dawo.

Akwai kuma motar da ƙwaƙwalwar ce ba ta farka ba sam. Alamarta, ka buɗe makulli fitilar cek ba ta kama ba, mota tana juyi ba ta tashi. Duba fiyus ɗin EFI da rilensa a Toyota, babban rile na PGM-FI a Honda, da wayoyin at da ke ɗaure a jikin injin. Sannan auna wuta 5 da ƙwaƙwalwa ke ba sensoci. Senso ɗaya da ya yi shot yana iya jan wannan 5 ɗin ƙasa ya sumar da ƙwaƙwalwar gaba ɗaya, da ka zare shi sai ta dawo. Ana sayen biren bos, wato ƙwaƙwalwar, da yawa a banza saboda ba a yi wannan awon ba, kuma kuɗin mai mota ne ke tafiya.

Mai sikanin, Bajoga:

Nawa gajere ne. Kada a bar laftof a jikin caja lokacin aiki, musamman in janareto ne ko inbata ta cikin motar. Hayaniyar wutar tana bin USB ta rikita haɗin, a cika batirinta tun kafin a fara. A kashe USB selective suspend da barcin laftof a Power Options. Kada a ƙara wa kebul tsawo da arhar waya. In za a daɗe da makulli a buɗe, a kashe fitilu da fanka da AC, don batirin mota na sauka ƙasa da 12 haɗi zai fara yankewa. In kuwa rubuta wa ƙwaƙwalwa sabuwar manhaja za a yi, dole a jona mota da na'urar da ke riƙe wuta sama da 13 ba rawa, domin yankewa a tsakiyar rubutu yana iya kashe ta. Kuma ELM327 na wuta 12 ne, kada a kai shi jikin babbar mota mai 24.

Ɗan koyo, Pantami:

Allah ya saka da alheri, na bi su a jere. Rami na 16 ya ba da 12.5 da 4 da kuma 5. ATZ ya amsa v2.1, ATRV ya ce 12.4. ATSP3 da 4 da 5 duk ERROR, alhali rami na 7 yana da wuta. Na aro Mini VCI, nan take ta shiga ta Techstream. Lambar da ta fito P0171 ce.

Mai sikanin, Bolari:

Madalla, kebul ɗin ne ke nan, ka bar shi wa motocin CAN. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa a cakuɗin. Kada ka goge ta tukuna, fara adana freeze frame, wato bayanan injin na lokacin da lambar ta fito, sannan ka duba long term fuel trim, wato gyaran yawan man da ƙwaƙwalwa ke yi, a sulo da kuma a juyin inji 2500. In ya haura kashi 10 cikin ɗari a sulo amma ya sauko da ka taka, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, duba gasket ɗin manifol da robobin iska. In kuwa ƙaruwa yake yi da ka taka, fara da senson MAF mai auna iskar da ke shiga inji, ƙurar hunturu tana yawan rufe shi, ka wanke shi da feshinsa na musamman ba tare da taɓa siririyar wayar ciki ba. In bai sauya ba, sai a auna ƙarfin famfon mai.