Kwanan tanti a Shai Hills, yawon dam a Akosombo: a ba mu shawara

Baban Hanifa (Madina): Salamu alaikum jama'ar zaure. Mu gida uku ne muka haɗa kai, manya da yara, muna son mu fita Asabar da Lahadi mu kwana a tanti, sannan mu kai yaran su ga dam ɗin Akosombo, madatsar ruwa mai ba da wutar lantarki a kan kogin Volta a nan Gana, da idonsu, tunda ba sa jin sunansa sai an ɗauke wuta. Babbar 'yata kuma ta ɗora mana wani wasa na manhajar Geocaching, wai ana bin GPS a nemo akwatin da wani ya ɓoye. Ina za mu kwana? Yaya ake shiga dam ɗin? Wasan nan kuma zai yiwu a can?

Hajiya Balaraba (Nima): Wa alaikumus salam. Ku kwana a Shai Hills. A kan hanyar Akosombo yake, in kun bar Tema kun wuce Afienya za ku ga ƙofar a bakin titi. Gandun daji ne na gwamnati, da ma'aikata da masu gadi, ba wai dajin Allah ba ne da za ku kafa tanti inda kuka ga dama. Ku kira su tun a cikin mako ku ce kwana za ku yi da yara, ku tambayi kuɗin shiga da na kwana, da ko za ku zo da naku tantin. Kowa ya riƙo katinsa na ɗan ƙasa, don kuɗin baƙo daban ne.

Sani Direba (Ashaiman): Hajiya ta faɗi gaskiya. Amma Yaya, tunda daga Madina za ka tashi, me zai kai ka Tema? Bi ta Dodowa kawai. Ranar Asabar in hantsi ya yi, shataletalen Tema sai mai haƙuri. Ku yi asuba ku ɗau hanya. Akra zuwa Akosombo wajen kilomita 100 ne, Shai Hills kuma kusan tsakiya yake.

Injiniya Mustafa: Ni a ganina ku juya tsarin. Ku fara da dam ranar Asabar da safe, sannan ku dawo Shai Hills da la'asar ku kafa tanti da sauran rana. Dalili: dam ba wurin yawon da za ka zo lokacin da ka so ba ne. Hukumar VRA, mai kula da kogin Volta, ce ke riƙe da shi, a ofishinsu ake yankar takarda, su haɗa ku da mai rakiya, kuma da motarku za ku shiga. Ku kira su kafin ranar ku ji lokacin da suke karɓar baƙi a ƙarshen mako. In kun bar shi sai Lahadi da rana, yara sun kwana a ƙasa sun gaji, ba wanda zai saurari bayani.

Ga abin da zan so ku nuna wa yaran in kun hau kan bangon. Da farko su lura ba siminti ba ne, tarin duwatsu ne da yumɓu a tsakiya wanda ke hana ruwa ratsawa, tsayinsa mita 114, tsawonsa mita 660. Su kalli gefe ɗaya, ruwa ya cika har kusa da ƙafarsu, sannan su leƙa ɗaya gefen su ga kogin can ƙasa. Wannan tazarar ita ce wutar. Akwai manyan bututu shida da suka gangara daga sama, kowanne yana kai ruwa ga injinsa, ruwan ya juya farfela, farfela ta juya janareta. Ba a ƙona komai, ruwan kuma ya fita ya ci gaba da tafiyarsa zuwa Kpong, inda wani ƙaramin dam da aka gama a 1982 zai sake cin moriyarsa. Injinan shida na Akosombo suna iya ba da megawat 1,020 in ruwa ya wadata.

Baban Hanifa (Madina): Madalla Injiniya. To in haka ne me ya sa ake ɗauke mana wuta? Na san ita ce tambayar farko da yaran za su yi.

Injiniya Mustafa: Ka ce musu lokacin da Nkrumah ya buɗe shi a Janairun 1966, wutar ta fi ƙarfin buƙatar ƙasar, har babban kaso yana tafiya kamfanin narka alminiyam na VALCO a Tema, daga baya kuma aka riƙa sayar wa Togo da Benin. Yau mutane sun ninka, kowane ɗaki da firji da fanka, yawancin wutar Gana kuma daga tashoshin gas take fitowa. Sannan dam bawan damina ne. Ana son tsayin ruwan tafkin ya tsaya tsakanin ƙafa 240 da 278. In ya yi ƙasa, kamar a farin 1983 da kuma 2007, sai a kashe wasu injina. In ya yi sama kuma dole a buɗe ƙofofi, kamar yadda aka fara a Satumban 2023, ruwa ya shiga Mepe da sauran garuruwan da ke ƙasa da dam ɗin ya raba dubban mutane da gidajensu. Ku ce wa mai rakiyar ya nuna muku ƙofofin.

Ummi A.: Kawu, bari in amsa ta ɓangaren wasan, ni nake yinsa. Kafin komai Hanifa ta buɗe taswirar manhajar a gida ta duba yankin. A Turai da Amurka akwatunan sun yi yawa, duniya gaba ɗaya sun haura miliyan 3, amma a nan ƙasar tsiraru ne, wasu kuma an daɗe ba a leƙa su ba. Ta karanta rahoton mutum na ƙarshe da ya nema. In an shekara biyu ba wanda ya ce ya samu, ko mutane a jere sun rubuta ba su gani ba, kar ku ja yara cikin rana a kansa. Kowane akwati yana da maki daga 1 zuwa 5 na wuyar nema, da wani makin na wuyar hanya. Da ƙananan yara kar ku wuce 2.

Sai abu mafi muhimmanci: kar wanda ya yi wannan wasa a dam ko a gadar Adomi da ta ƙetare kogin a garin Atimpoku. Mutum riƙe da waya yana zagaye wuri ɗaya, yana ɗaga duwatsu, yana cusa hannu a rami, a wurin da sojoji da 'yan sanda ke tsaro? Ba za ka samu damar yin bayani ba. Ƙa'idar wasan ma ba ta yarda a ɓoye akwati a irin waɗannan wurare ba.

Sani Direba (Ashaiman): Ni dai ban gane ba. A ƙona mai a je daji neman robar da ba kuɗi a ciki?

Ummi A.: Haba Kawu Sani, ai ba don abin ciki ake yi ba. Ɗan littafi ne a ciki da za ka rubuta sunanka da kwanan wata, wani lokaci da tarkacen yara, in ka ɗauki ɗaya ka ajiye wanda ya kai shi ko ya fi shi. Wanda ya fara, wani mutum ne a jihar Oregon ta Amurka, Dave Ulmer, a watan Mayun 2000, washegarin da gwamnatinsu ta daina rage wa GPS na farar hula daidaito. Bokiti ya ɓoye a daji ya sa lambobin wurin a intanet don ya gwada ko za a same shi.

Shawarata, Kawu Baban Hanifa, ku yi naku. Ku sayi ƙananan robobi masu murfi guda biyar ko shida. Babba ɗaya ya riga yara fita, ya ajiye su kusa da sansani, ya tsaya a kan kowanne kamar minti ɗaya har lambobin wayar su natsu, ya rubuta. A raba yara gida biyu, kowane gida da waya ɗaya da babba ɗaya. Wayar za ta kai su kusa ne kawai, mita biyar zuwa goma, daga nan sai ido: dutsen da aka jera ba yadda Allah ya ajiye shi ba, ko itatuwa uku da suka kwanta a layi. Ku sa ɗan habaici a takarda don kar su gaji su yi kuka. Ba a haƙa rami, ba a binnewa. In an gama ku kwashe kayanku duka. Ku sauke taswirar tun a gida saboda sabis yana yankewa tsakanin duwatsu, GPS kuwa ba ya buƙatar data.

Hajiya Balaraba (Nima): Ummi, ki ƙara musu da cewa sai sun nemi izinin ma'aikatan gandun, don a can ba a yawo ba ɗan rakiya. Kuma kar a sa alewa ko biskit a robar nan. Gwaggon birin Shai Hills ba ya jin kunyar kowa, tun daga bakin ƙofa za ku gan su zaune a gefen titi. Ina kallo wani ya zo ya zuge jakar wata baiwar Allah da hannu, ya zaro burodi, ya koma kan dutse yana ɓare ledar a tsanake yana kallonmu. Abinci ya kwana a but ɗin mota, gilashi a rufe, kuma kar yaro ya miƙa musu komai.

Maman Sadik: Ni abin da ya fi burge nawa yaran kogon jemagu ne, sai dai warin kashinsu, ku riƙo ƙyalle. Akwai maraya, akwai jakin dawa da jimina da aka kawo. Hawan dutsen da sassafe ya fi, kafin dutse ya ɗau zafi. Takalmi rufaffe fa, ba silifa ba, kuma yaro ya tura sanda kafin ya tura hannu ƙarƙashin dutse, saboda kunama da maciji. Gidan sauro dole ne ko da tantin yana da raga. In za ku iya zaɓar lokaci, ku kauce wa Mayu da Yuni, ruwa zai hana ku sakat. Tsakiyar hunturu kuma hazo yana rufe tafkin, hoton ba ya kyau.

Alhaji Ɗanlami (Kumasi): Yara ku yi haƙuri in sa baki. In kun tsaya kan bangon nan, kar a tsaya a lissafin wuta kawai. Ruwan da kuke kallo ya rufe murabba'in kilomita kusan 8,500, ya miƙe har arewa, kuma mutum wajen 80,000 aka tasa, aka zuba su a sababbin garuruwa 52. Namu na ciki. Kete, ta Kete Krachi, zangon Hausawa ne babba na fataken goro, musamman bayan yaƙin Salaga na 1892 da ya watsa mutane. Yawancin tsohon garin yana ƙarƙashin ruwan nan. Kakata har ta rasu in ta ce "gida", wancan take nufi, ba inda aka mai da su ba. Ku gaya wa yaran.

Baban Hanifa (Madina): Allah ya jiƙanta, Alhaji. Za a gaya musu in sha Allahu.

Auwal (Kano): Ina bin ku da sha'awa. Mu namu Kainji ne, an gama shi a 1968, shi ma ya cinye tsohuwar Bussa aka gina sabuwa. Ga gandun daji a gefensa, da ya dace da irin wannan tafiya, amma halin tsaron yankin yanzu ba na kwana a tanti da iyali ba ne. Ku gode wa Allah. Tambaya: ba a shiga jirgin ruwa a naku?

Maman Sadik: Ana shiga, akwai Dodi Princess mai zuwa tsibirin Dodi, da abinci da kiɗa. Amma yini guda yake ci, ba zai haɗu da dam da tanti a kwana biyu ba. Su ware masa wata rana.

Sani Direba (Ashaiman): Ko su ɗauki ɗan kwalekwale a Atimpoku, ƙarƙashin gada, rabin awa an gama.

Nas Rabi: Malam Sani, da sharaɗi. Kowane yaro da rigar ruwa a jikinsa, ba a ajiye a gefe ba. In mai jirgi ya ce babu, a fasa. A cikin tafkin kuma akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun wancan lokaci, suna nan tsaye, su ke fasa jirage. Sannan don Allah ban da wanka, ban da tsoma ƙafa a bakin ruwa inda ciyawa take. Tsargiya ta yi yawa a Volta tun da aka tare ruwan, domin dodon koɗin da ke ɗauke da ita ruwa mai kwanciya yake so. Ta fata ƙwayar ke shiga, ba sai an sha ba, kuma sai bayan makonni za ka ga yaro yana fitsarin jini. Alwala ma ku yi da ruwan da kuka zo da shi.

Malam Habibu: Tunda an zo kan alwala: niyyarku Akosombo ce, ta wuce tazarar ƙasaru, don haka kuna iya yin ƙasaru a tafiyar. Ku riƙo tabarma da buta, wayar da ke neman akwati ita za ta nuna muku alƙibla.

Hajiya Balaraba (Nima): Ba wanda ya yi maganar ciki. A Atimpoku, tun kafin ka kashe mota mata sun kewaye ka da faranti: abolo, wato wainar masara da ake turarawa, mai ɗumi a ganye, da 'yan mitsi-mitsin kifin nan soyayye da ake kira one man thousand, da jatan lande. Ku saya a nan ku ci da rana, ku nemi yaji. Na dare kuwa ku zo da shi daga gida, shinkafa da miyar da aka soya sosai ba ta lalacewa. Ƙaramin risho na gas ya fi itace, don ba ko'ina za a bar ku ku hura wuta ba, ciyawar wurin in ta bushe ba ta da wasa.

Baban Hanifa (Madina): Na gode ƙwarai jama'a. Ga yadda muka tsayar: Asabar bayan asuba ta Dodowa, dam da safe, abolo a Atimpoku, la'asar a Shai Hills. Lahadi da sassafe dutse da kogo, sannan farautar robobi in ma'aikata sun yarda. Ummi, Hanifa ta ce ko za ki biyo mu ki ɓoye musu, don ta ce in ni na ɓoye a minti biyu za su gano.

Ummi A.: In Mama ta bar ni, Kawu. Ku tanadi fawa bank biyu, GPS yana shan caji.

Sani Direba (Ashaiman): In akwai wuri a mota ni ma a sa ni. Ba don robar ba, don kifin.