Hutun keke da yara a gonakin inabin Bordo cikin Agusta: wa ya taɓa yi?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekararmu uku a Bordo, nan Faransa. Yara sun matsa mu yi hutun keke bana, shi ne nake tunanin hanyar Roger Lapébie, tsohon layin dogon da aka mayar hanyar keke, daga Bordo zuwa Sauveterre, kilomita hamsin da 'yan kai, tana ratsa gonakin inabi. Kwana uku, farkon Agusta, ni da mai ɗakina da yara biyu, mai shekara 9 da mai 6. Ƙaramar za ta iya? Kuma haya ya fi ko saye?

Ɗan Maraɗi: Ku tafi bakin kogin Loire kawai, can ne hanyar keke ta gaske, kusan kilomita 900.

Baban Ilham: Malam, kwana uku fa na ce.

Maman Sadik: Ƙanena, don Allah ka saurare ni. A Yulin 2022 muka bi wannan hanyar, makon da dajin Landiras, kudu da Bordo, ke ci da wuta, hayaƙi har cikin Bordo. Mun bar garin Créon da ke kan hanyar wajen sha ɗaya saboda yara sun makara. Inda akwai itatuwa lafiya lau, amma da ka fito fili ba inuwa, kurangar inabi ba ta wuce ƙirjin mutum ba. Ruwan gorunanmu ya zama kamar na shayi. Muka shiga wani ƙauye, kanti ɗaya ne, a kulle, sai ƙarfe uku. Sadik ya ce kansa na sara, na taɓa goshinsa, zafi rau, kuma babu zufa ko ɗigo. Wata tsohuwa ce ta leƙo ta taga ta nuna mana famfon maƙabarta. Nan na jiƙa mayafina na lulluɓe shi, babansa na kiran 15, lambar gaggawa ta asibiti, hannunsa na rawa. A asibiti muka kwana. Mai masaukin da muka biya kwana biyu ya ce ko sisi ba zai mayar ba.

Hajiya Rabi: Subhanallahi. Allah Ya ƙara kiyayewa.

Ba'agadashe: Allah Ya kyauta, amma yaya, wannan ai ba zafi ba ne. Mu da muka tashi muna zuwa makaranta a keke cikin Mayu a Agadas?

Maman Sadik: Kai ka tashi can, ɗana a nan aka haife shi. Kuma a gida wa ke fita da yaro tsakar rana? Zafin 2003 mutum wajen dubu 15 ya kashe a Faransa.

Ba'agadashe: Yawanci tsofaffi ne.

Maman Sadik: Ka haifi naka tukuna ka zo mu yi magana.

Ɗan Maraɗi: Haya Yuro 15 ce a wuni.

Abu Zinder: Ina? 25 na biya bara, mai batir kuma 40, ban da kuɗin ajiya. Ka sayi na hannu Yuro 60, in kun gama ka sayar.

Ɗan Maraɗi: Na 60 ɗin nan sai ka tafi da mai faci a bayanka.

Malam Sani: Ni abin da ban gane ba, duk faɗin Faransa sai inda ake matse giya?

Abu Zinder: Malam, wucewa za su yi, ba ɗanɗanawa ba. Bordo ɗin ma da yake zaune ai da giyar aka san ta.

Hajiya Rabi: In dai sai kun je, ku fita bayan asuba, ku sauka kafin sha ɗaya, ku duba taswirar gargaɗi ta Météo-France, hukumar hasashen yanayi, kullum. In ta nuna launin ruwan lemo, alamar haɗari, ku zauna. Ko da yake zaman gidan ma wuta ne. Hawa na biyar muke, ƙarƙashin rufi, shekara biyu ina roƙon mai gida ya bari mu sa na'urar sanyi, ya ƙi.

Abu Zinder: Naki ma yana amsa waya. Namu tagar ɗakin yara ta lalace tun azumi, fanka biyu muke kwana da su.

Maman Sadik: Hajiya, a rubuce kika nema ko da baki?

Baban Ilham: Na gode duka. To ita mai shekara 6 ɗin fa?