Neman shawara: ƙafar gaban Hilux za ta ɗauki taya inci 35?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Tudun Wada, Zariya, gonata tana wajen Giwa, ciki sosai bayan an sauka daga kwalta. Motata Hilux ce ta 2010 mai ogzilari, wato mai ja da ƙafa huɗu, tayoyinta 265/65R17. A Agustan bara sau uku ina kafewa, ranar ƙarshe da buhunan taki a baya. Cikin motar ya zauna daram a kan laka, tayoyi suna ta juyawa a banza, sai da aka kawo tarakta bayan magariba. Wani ya yi min tayin tayoyi huɗu masu inci 35, ya ce za su ɗaga motar. Tsorona shaf ɗin gaba, ƙarfen da ke juya tayar gaba. Zai jure kuwa? Don Allah masana ku taimaka kafin damina ta kankama.

Bakanike, Sabon Gari: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka saya. Tayarka ta yanzu ba ta cika inci 31 ba, ka ga in ka koma 35 ka ƙara wajen kashi 14 cikin 100 a tsayi. Kamar ka sa wa sifana dogon bututu ne, ƙarfin da ƙasa take murɗa shaf da shi ya ƙaru ke nan, ga nauyin tayar kanta. Kuma gaban motarka ba aksul ɗin ƙarfe guda ba ne irin na Land Cruiser 79. Kowace ƙafa da nata shaf, kowane shaf da mahaɗa biyu a cikin giris, su ake kira CV, ta wajen taya kuma mai ƙananan ƙwallaye ce. Taya 35 ba za ta shiga ba sai an ɗaga motar, har an yanke wani wuri a jiki, in an ɗaga kuma shaf ya karkace ya riƙa aiki a gicciye. Daga nan roba ta yage, laka ta shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas in ka sha kwana. Boris, bol-join da tayarod su ma duk za su gaji da wuri. Ni da nake cin abinci da gyaran ne nake ce maka ka bari.

Direba, hanyar Soba: Oga ya faɗi gaskiya, amma in ƙara da abin da na gani da idona. Na taɓa sa 33 a motar maigidana, muka yi wata shida lafiya. Ranar da shaf ya tafi laifina ne. Na kafe, na karya sitiyari har ƙarshe, na danne totur, taya tana juyawa a iska sai ta faɗo ta cafki busasshiyar ƙasa. Ƙara ɗaya na ji, tas! Da muka buɗe, kejin da ke riƙe ƙwallayen ya dare gida uku. Alhaji, in ka kafe ka miƙar da sitiyari, ka sa L4, wato ƙaramin giyar ogzilari, ka ba ta wuta kaɗan-kaɗan.

Malama, Samaru: Ba a yi maganar mai da birki ba. Babbar taya tana sa mota nauyin tashi, ta ƙara shan mai, birki kuma ya yi tsawo. Agogon gudu ma zai yi maka ƙarya, yana nuna 100 kana kan 114. A hanyar Funtuwa wannan ba wasa ba ne.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To Oga, me zan sa? Zuwa gonar nan dole ne.

Bakanike, Sabon Gari: Ka nemi 265/70R17 mai manyan haƙora, wadda aka rubuta M/T a jikinta. Inci ɗaya kawai ta fi taka, a yawancin motocin nan tana shiga ba a taɓa komai ba, amma a gwada a karya sitiyari hagu da dama a ga ko tana gogar jiki. Haƙoran ne suke fitar da kai daga taɓo. Ka sayi biyar har da sifiya, kada ka haɗa manya da ƙanana a ogzilari. Kafin ka shiga laka ka rage iska kaɗan, ka riƙe famfo a mota don in ka hau kwalta ka mayar. Sannan ka leƙa ƙarƙashi yau ɗin nan, in ka ga giris ya fantsama a cikin rim, robar shaf ta riga ta yage, a canza ta kafin ruwan farko.