Ejan da buroka a harkar inshora: wa za mu kira dillali?

Malam Sani: Jama'a, a fassara ana kiran ejan da buroka duka "dillalin inshora", alhali aikinsu daban ne. A raba mana su.

Hajiya Rabi: Malam, tambayar da za a yi ita ce, wa mutum yake yi wa aiki? Ejan ɗan kamfani ne, hajar kamfanin da ya naɗa shi yake tallatawa, don haka "wakilin kamfani" ya dace da shi. Buroka kuwa yana ɓangaren mai saye. Ya zagaya kamfanoni uku ko huɗu, ya kwatanta farashi da sharuɗɗa, ya ba da shawara, in asara ta auku ya bi diyya. Shi ne dillali. A Najeriya dukansu sai da rajistar NAICOM, hukumar kula da harkar inshora, buroka kuma yana da majalisarsa ta NCRIB.

Malam Habu: Hajiya, ina da ja. Dillalin kara, wato kasuwar dabbobi, yana tsakiya ne, ba na kowa ba. Kuma la'adar buroka daga kamfani take fitowa, duk da mai saye yake yi wa hidima. In aka ce "dillali" kawai, mutum zai ɗauka ɗan kamasho ne.

Hajiya Rabi: To a ce "dillalin mai saye". Amma kada a cire kalmar dillali, don shi ma yana tsakanin kamfani da mai saye. Tsohuwar dokar inshora ta 2003 ma ta ce kuɗin da ya shiga hannun buroka tamkar ya shiga hannun kamfani ne.

Alhaji Issaka: Ku kula da takaful, wato inshorar Musulunci. A tsarin wakala kamfanin kansa ne wakilin masu zuba kuɗi, don haka "wakili" shi kaɗai zai rikitar. A riƙa cika shi da "na kamfani".

Malam Sani: Wanda ke duba takardar mota ko shago ya yanke kuɗin da za a biya fa?

Malam Habu: Shi ba ya talla. Yana ofis, ya auna kasada, ya karɓa ko ya ƙi: "mai auna kasada". Wanda ake turawa bayan gobara ya lissafa ɓarna kuma "mai ƙiyasta asara".

Malam Sani: Na ɗauka. Wakilin kamfani, dillalin mai saye.